Babi na Shida: Kalma Ta Ce Ja, Tawada Ta Ce Kore

Darasi na ɗaya: haɗa katuna

Ku zo da kwali, ko na sabulu ne ya isa, da biro huɗu: ja, baƙi, shuɗi da kore. Wanda ba shi da kore ya ara a wurin na kusa da shi. A yanka kwalin gida goma sha biyu, kowane yanki kamar faɗin tafin hannu. A kan kowanne a rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: JA, BAƘI, SHUƊI ko KORE. Sai dai kada launin biron ya dace da kalmar. Ɗauki biro mai kore, ka rubuta JA. Ɗauki biro ja, ka rubuta BAƘI. Haka har su ƙare.

Darasi na biyu: faɗi launin tawada

Ku zauna biyu-biyu, maza da maza, mata da mata. Ɗaya ya ɗaga kati, ɗaya ya faɗi launin tawadar da aka yi rubutun da ita. Tawadar, ba kalmar ba. Idan an rubuta JA da koriyar tawada, amsar ita ce "kore". Ido zai ga JA, baki zai so ya ce "ja". Tsaya. Dubi tawadar. Wane launi ne? Kore. To, ce "kore".

A nan kusan kowa ke tuntuɓe, kuma ba abin kunya ba ne. Wanda bai iya karatu ba ko kaɗan, wannan wasa ba ya ba shi wahala, domin kalmar ba ta ce masa komai. Idan bakinki ya suɓuce kika karanta kalmar, Hajiya, alama ce karatunki ya fara zama. Madalla. Amma ki sake: tawada, ba kalma ba.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Ridley Stroop, shi ya wallafa wannan gwaji a 1935. Da ya ba ɗalibai zanen launuka 100 marasa rubutu, sun faɗi sunayensu cikin kusan daƙiƙa 63. Da ya ba su kalmomi 100 masu saɓa wa tawadarsu, sai da suka ci kusan daƙiƙa 110. Kuma 'yan kwaleji ne, don haka kada kowa ya ce tsufa ne.

Abin da ke faruwa shi ne amsa biyu ke rige-rigen fita a lokaci guda, kamar mutum biyu da suka haɗu a ƙofar zaure. Karatu ya fi sauri, saboda an fi sabawa da shi. Akwai wani yanki a gaban ƙwaƙwalwa, kusa da tsagin da ya raba ta biyu, da ke lura da irin wannan saɓani. Shi ke zaburar da sashen da ke bayan goshi, mai riƙe da umarnin "launi ake nema". Wannan ja-in-ja ne ke kawo jinkirin.

Yanzu a sake. Na ga wasu sun juya katin suna hira. Malam, ba ka zo nan don kallon wasu ba. Wanda ya karanta kalma maimakon launi, ya koma katin farko. Tawada! Sau nawa za a faɗa?

Darasi na uku: maimaici a gida

A yi kullum bayan Magariba, sau uku, a cakuɗa katunan kafin kowane zagaye. Yaro ya riƙe muku waya ya duba lokaci. Stroop ya sa ɗalibansa sun yi kwana 8 suna maimaitawa: jinkirin ya ragu sosai, amma bai tafi duka ba. Daga baya, hotunan ƙwaƙwalwa da masana suka ɗauka sun nuna yankin nan mai lura da saɓani yana rage aiki idan an saba. Wanda bai yi a gida ba, za a gane ranar Asabar.

Darasi na huɗu

A juya dokar: karanta kalmar, a bar tawadar. Zagaye biyu.

Darasi na biyar

A ƙara biro ruwan ɗorawa da katuna huɗu. A yi kamar darasi na biyu.