Shawara ga iyaye kan matasan da kullen korona ya shafa

Assalamu alaikum, iyaye da malamai. Ina roƙon mu sa ido kan yaran da suke makaranta lokacin da aka rufe makarantun Najeriya a watan Maris na 2020 saboda cutar korona, domin watannin da suka yi a gida, babu aji, babu filin ƙwallo, har aka ɗage jarrabawar WAEC zuwa Agusta, sun bar wa wasunsu tabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a faɗin duniya a shekarar farko ta annobar, kuma matasa na cikin waɗanda abin ya fi taɓa.

Idan yaro ya daina cin tuwo tare da 'yan'uwansa, yana riƙe da waya har kiran assalatu, ko yana fushi kan abin da bai taka kara ya karya ba, kada a yi gaggawar kiransa malalaci. A zauna da shi a keɓe, ba a gaban ƙannensa ba, a bar shi ya yi magana ba tare da an katse shi da nasiha ba, wanda shi ne ya fi ba mu wuya. A daidaita masa lokacin barci, a ajiye wayar bayan Isha'i.

Idan halin ya wuce mako biyu, ko ya ambaci son mutuwa ko da wasa, a haɗa addu'a da ganin likita nan take. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware ta jihar Sakkwato da Maiduguri.