Yadda za ki rubuta labarin sirrin gida har ya taɓa zuciya

Toh 'yan uwa marubuta, musamman mu na nan Jos masu sakin labari a Wattpad da guruf guruf na WhatsApp, maganar labarin sirrin gida zan yi, irin wanda yarinya za ta girma ta gano wadda take kira Umma ba ita ta haife ta ba. Labari ne da ke sa mata kuka, amma wlh da yawanmu gaggawa ke ɓata mana shi.

Kafin ki rubuta shafin farko ki zauna ki san wa da wa suka san sirrin, kuma me ya sa suka yi shiru. Kar ki ce kawai uwar muguwa ce. Ki ba ta dalilin da ke kanki in kece za ki iya yin shirun, tsoron gori, ko alkawarin da ta yi wa mai rasuwa. Ga garinmu ma ya ba ki abin rubutu, rikicin Satumba 2001 ya raba iyalai, mutane sun bar unguwannin da aka haife su, ga gobarar kasuwar Terminus a 2002 da ta karya 'yan kasuwa. Jaririyar da maƙociya ta goya ta gudu da ita Unguwar Rogo a lokacin, yau ta isa aure. Kuma kin san a wajen aure ne asiri ke tonuwa, ranar da dangin miji suka fara binciken asali, aka zo tambayar waye waliyyi.

Sai ki ɓoye sirrin a ƙananan abubuwa tun daga farko. Wannan ne wajen da na fi so ki daɗe. Umma tana kiran sunan yarinyar gatsal alhali ita ce babba a ɗakin, babu kunyar 'yar fari ko kaɗan, amma wata Goggo da ke zuwa daga Bukuru duk sallah ba ta taɓa faɗin sunanta ba, ba ta haɗa ido da ita, sai dai ta ajiye mata rigar sanyi ta tafi. Mai karatu Bahaushiya za ta ji wani abu a ranta tun kafin ki faɗa mata komai.

Dan Allah ki tambayi malami kan hukunci kar ki yi kame kame. In Umma ta shayar da ita kafin ta cika shekara 2, 'ya'yan Umma sun zama muharramanta, ba aure tsakaninsu. 'Yar riƙo ba ta cin gadon mai riƙonta, sai dai wasiyya, ita ma ba ta wuce sulusi.

Sai warakar. Nan ne ake cewa "ki yafe min 'yata", a rungume juna, a rubuta ƙarshe. A'a. Ki bar yarinyar ta yi fushi, ta daina cin abincin gidan, ta rasa ma da wane suna za ta kira Goggon, ki ba Umma ita ma nata babin tunda ita ta yi raino ta yi jinyar ƙyanda kuma yanzu tsoro take a ƙwace mata 'ya. Ko babi biyar ne ki ba su, in masu karatu sun dame ki da a yi sulhu a kwamen ki ce su yi haƙuri.