Darasi na 9: Kudin fansho idan mai gida ya rasu

Jama'a wannan darasin da yawanmu ba ma son a taba shi, da an ce mutuwa sai mutum ya ce Allah ya kiyaye ya kau da kai, to amma ai kowa zai dandana, kuma mutuwar ba ta hana iyali jin yunwa washegari. Mace tana cikin takaba wata hudu da kwana goma, ga kudin makarantar yara ga mai gidan haya yana sallama, alhali hakkin mijinta yana nan ajiye a asusu babu wanda ya san hanyar karbo shi. Wannan hanyar ce za mu koya yau.

Tun 2004 Najeriya ta koma tsarin fansho na karo-karo, aka sake gyara dokar a 2014. Yadda abin yake, duk wata ana cire akalla kashi 8 cikin dari daga albashin ma'aikaci, wanda ya dauke shi aiki ya kara akalla kashi 10, a zuba a asusu mai sunan ma'aikacin a wajen kamfanin fansho wanda ake kira PFA, hukumar PenCom kuma ita ke sa musu ido. Kudin nan na ma'aikaci ne, in ya rasu ba gwamnati ke cinyewa ba ba kamfani ba, na magadansa ne.

Akwai kuma kudi na biyu da mutane da yawa ba su ma san da shi ba, wato inshorar rai. Doka ta wajabta wa mai daukar aiki ya yi wa ma'aikatansa inshora wadda ba za ta gaza albashin shekara sau uku ba. Mu yi lissafi. A ce mutum yana daukar naira 80,000 a wata, a shekara 960,000 ke nan, sau uku ya zama 2,880,000. Wannan daban da abin da ke cikin asusun fansho, kuma na wanda ya rasu yana bakin aiki ne. Don Allah in kin je ofishin mijinki ki bude baki ki tambayi wannan kudin da sunansa, kar ki jira sai an tuna miki.

Wanda ya riga ya yi ritaya kuwa sai an duba wane zabi ya yi. In ya bar kudinsa a wajen PFA ana ba shi kadan-kadan duk wata, to abin da ya rage a asusun na magada ne. In kuma ya mika wa kamfanin inshora don su biya shi har karshen rayuwa, lamunin shekara 10 ne, in ya rasu kafin su cika sai a biya iyali ragowar, in ya wuce shekara 10 shikenan babu saura. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da ke tsohon tsari nasu yana hannun hukumar da ake kira PTAD, sojoji suna da tasu hukumar, jihohi irin su Kano da Jigawa ma da nasu tsarin, saboda haka tambaya ta farko ita ce mamacin nan a wane tsari yake.

Yanzu takardu, nan ne ake shan wahala. Za a nemi shaidar rasuwa daga asibiti in a can ya cika, da satifiket na Hukumar Kidaya ta Kasa, in hatsari ne da rahoton yan sanda, sai katin shaida da hoton fasfo na masu karba da lambar asusun banki, sannan babbar cikinsu takardar kotu da ta nuna wa aka yarda ya karbi dukiyar a madadin magada, ko wasiyyar da kotu ta tabbatar. Ba tare da wannan ba PFA ba za su saki kudin asusun ba ko za ka kwana kana rantsuwa. Ku yi fotokwafin komai ku rike na ainihi a leda a kasan akwati, kuma a duba suna da kyau, wani a fom din aiki Muhammadu ne a NIN Mamman a banki Mohammed, harafi daya sai ya sa a yi ta kai da kawowa wata da watanni.

Sai maganar da ke raba zumunci. Wanda aka rubuta sunansa a fom a matsayin nes of kin, wato na kusa da za a tuntuba in wani abu ya faru, ba shi ne mai kudin asusun ba. Sau da yawa mutum tun yana saurayi ya sa sunan yayansa ko kaninsa, ya yi aure ya haifi yara bai koma ya canza ba, ranar da ta Allah ta kasance sai dan'uwan ya dauka kyauta aka bar masa. A'a, amana ce, kuma cin dukiyar maraya kowa ya san hukuncinsa. Ga musulmi za a fara biyan bashin mamaci, a zartar da wasiyya in akwai wadda ba ta wuce kashi daya cikin uku ba, sannan a raba. Mata suna da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. A ce abin da ya rage 2,400,000 ne kuma mata biyu ne da yara, tumuni 300,000, kowacce 150,000. Sauran rabon a kai wa malami masani ko alkali, kar a yi shi a zaure da ka.

Ni dai abin da ya fi damuna maza ne masu boye komai, matarka ba ta san sunan kamfanin fanshonka ba balle lambar, kana ganin in ta sani za ta raina ka. Haba malam, ita fa za ka bari da yaran. Masu sana'ar hannu ku ma ba a bar ku ba, tun 2019 aka bude karamin tsarin fansho na teloli da yan kasuwa da direbobi, kana zuba abin da ya samu, in ka rasu magadanka su karba.

Aikin gida: kowa ya samo littafi ya rubuta sunan wajen aikinsa, sunan PFA dinsa da lambar asusun, bankinsa, wanda yake bi bashi da wanda ke binsa, da sunan da ya sa a fom. Wanda hannunsa bai fada ba tukuna ya zo da takardunsa aji na gaba mu rubuta tare.