Kajinku ba kambun baka ba ne ya kama su, ku je ku shinshina buhun

Wata maƙwabciyata nan unguwar Rumde Ajiya a Garwa ta kira ni bara cikin watan Agusta wai in zo in ga kajinta, pondez, wato kajin ƙwai, guda ashirin da ta sha wahala ta rena tun suna 'yan tsaki, da tana kwasar ƙwai sha shida sha bakwai kullum sai ga shi ya koma bakwai, ɓawon ma kaman takarda. Ta ba su maganin mura, ta ba su na tsutsa, ta zuba bitamin a ruwa, har ta fara cewa wata baƙuwa ce ta zo ta yaba kajin shi ya sa. Ni dai na ce Hajiya nuna min inda kike ajiye abincin. Buhu ne mai kilo 50 a jingine da bangon kicin, a ƙasa kan siminti, na zura hannu can gindi na ɗebo sai ga shi ya dunƙule kaman tuwon jiya, ga ɗumi, ga wari irin na ɗakin da ruwa ya shiga aka rufe. Tun daga ranar nake son in yi wannan rubutu, don mu nan Garwa da Marwa in kaza ta canza sai mu duba komai banda abin da take ci.

Babban kuskuren da ya haifi sauran shi ne tunanin cewa tunda buhu a ɗinke yake daga kamfani to lafiyarsa ƙalau. Furobande, wato abincin kaji na kamfani, ba siminti ba ne, gari ne na masara da waken soya ko tunkuza da garin kifi da dusa da ɗan firemis, wato haɗin bitamin da sinadarai, kuma daga ranar da aka niƙa shi ya fara tsufa. Man da ke cikin tunkuza da kifi yana lalacewa, bitamin na mutuwa a hankali, zafi kuma na ƙara musu gudu, mu ko kun san Maris da Afrilu a Garwa digiri 40 ba labari ba ne. Sannan mafi yawan na buhun daga kudu yake zuwa, Bafusam da Duwala da Yawunde, ya hau kamiyo ko jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ya gangaro falez, wato gangaren dutsen nan na hanyar Garwa, ya kwana a magaza, ya je butik ya ƙara zama. Kafin ya iso hannunki Allah kaɗai ya san kwanansa. Gyaran mai sauƙi ne amma kunya ke hana mu, ki ce a juyo miki etiket, takardar bayanin da ke jikin buhu, ki ga ranar da aka yi shi. Ni dai a nawa tsarin in ya haura wata biyu bana ɗauka, da damina ma wata ɗaya nake nema. In babu etiket ko an yage, ko mai butik ya fara cewa ai jiya jiya aka sauke, to ki ce ya ɓula gefe ki gani. Mai kaya mai kyau baya jin haushin wannan.

Kuma dan Allah a daina sayen buhu guda don kawai ya fi araha. Ku yi lissafi, kaza mai ƙwai tana cin wajen giram 110 zuwa 120 a rana. In kajinki biyar ne, kilo 50 zai kai kusan wata uku bai ƙare ba, rabin ƙarshe ai ba abinci kike ba su ba, ƙura ce. Jaka ɗaya ko biyu da kika rage a saye za ta fita ta ƙwan da ba a yi ba. Ku haɗa kai ku uku ko huɗu a kartiye ku raba buhu, ko ki sayi na sati biyu zuwa uku. Amma shi ma na awo da tasa ko kilo yana da nasa, don buhun a buɗe yake wuni guda ƙuda da ƙura da ɓera da dare, wani kuma ya ƙara dusa ko yashi don nauyi. Ni kaina an taɓa yi min, na zuba ɗan kaɗan a kofin ruwa na juya sai ga yashi ya kwanta a ƙasa fal. Ki sayi na awo inda kaya ke tafiya da sauri, ba inda buhu ɗaya ke yin wata ba.

Yanzu maganar funfuna, nan ne zan daɗe don nan ne mutane suka fi raina abin. Akwai wata funfuna da ke kama masara da gyaɗa da angurya in sun ji danshi da zafi, tana fitar da guba da ake kira afalatoksin. Ba sabon abu ba ne, a 1960 a Ingila talotalo fiye da 100,000 suka mutu, da aka bi diddigi sai aka gano garin gyaɗa ne da aka kawo daga Barazil, daga nan ma aka san gubar. A Kenya kuma a 2004 mutane ne da kansu suka ci masara mai ita, 125 suka rasu. Wato ba wasan kaji kaɗai ba ne. A jikin kaza hanta take ci, kuma ba lallai ta kashe nan take ba, shi ya sa ba a gane ta. Sai dai ki ga kaza bata girma, ƙwai ya ragu, kowace cuta ta zo sai ta kama su, ki yi rigakafi amma kaman ba ki yi ba don jikin ya yi rauni. In kin yanka ki duba hantar, maimakon ja mai duhu sai ki gan ta fari fari ko rawaya, ta kumbura, tana marmashewa a hannu. 'Yan agwagwa da talotalo sun fi kowa saurin faɗuwa.

Abin da mutane ke yi in sun ga ya dunƙule shi ne su baza a tabarma a rana, ya bushe, a murje, a ce ai ya gyaru. Bai gyaru ba wallahi. Rana tana busar da garin, gubar tana nan daram, ko dafawa bata kashe ta balle shanya. Wasu kuma su cire inda ya yi kore su ba da sauran, wasu su gauraya da sabo wai ya bi ciki. Duk asara biyu ce. Kuma kar a ce to bari a ba akuya ko saniya, mai shayarwa in ta ci yana fita ta nono, yaranmu ne za su sha. Na san zubar da abin da aka saya da kuɗi akwai ciwo, amma a haƙa rami a binne shi inda kajin ba za su tono ba. In buhun sabo ne kika buɗe kika same shi haka, ki mayar ranar, kar ki bari ya kwana biyu a ce a gidanki ya jiƙe.

Yadda ake ganewa ba sai da na'ura ba, duk da dai wani lokacin gubar na nan ido baya gani, shi ya sa ake cewa a sayi sabo tun farko. Ki zura hannu har gindi ba sama ba. Mai kyau in kin damƙa kin saki zai watse, ƙamshinsa na hatsi ne da ɗan ƙarnin kifi. In ya riƙe siffar hannu, ko da ɗumi a ciki, ko warin tsami, ko warin tsohon mai, ko ki ga zare zare kaman yanar gizo da ƙananan ƙwari na yawo, to ya tashi aiki. Su kajin ma suna faɗa, in kika ga suna tonawa suna watsarwa ba sa ci, ba iskanci ba ne.

Ajiya kuwa, rabin lalacewar a gidajenmu take faruwa ba a butik ba. Siminti yana gumi, bango yana gumi, musamman Yuli Agusta Satumba, 'yan Ngaundare ku daminarku ma ta fi tsawo. A ɗora buhu kan katako ko bulo, a janye shi daga bango kaman tafin hannu, a ɗaure baki bayan kowane ɗiba. Wanda ya fi shi ne bidon ko durom na roba mai murfi, a wanke ya bushe sarai, a sa a inuwa. Durom na ƙarfe a rana ko ƙarƙashin kwano kuskure ne, da rana ya gasu da dare ya huce sai ruwa ya taru a murfi yana ɗiga ciki. Kuma kar a juye sabo kan ragowar tsoho, ƙarasa tsohon, kakkaɓe, sannan a zuba. Buhun taki ko wanda aka sa maganin auduga a ciki ko kusa kar ya je, mu yankin auduga ne, waɗannan buhunan da bidon ɗin sun cika gidaje kuma ana ganin wankewa ta isa.

Ɓera ba cin abincin kaɗai yake ba, fitsarinsa da kashinsa ke kawo ƙwayar cutar salmonela, ta bi kaza ta shiga ƙwai. Haka barin abinci a fili tsuntsayen waje suna sauka, ku tuna murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Marwa a 2006. Amma kuma don an ga ƙwari kar a ɗauko fiya fiya a fesa cikin abincin, ko a jefa ƙwayar nan ta hayaƙi da ake sa wa buhun wake a ajiye a ɗakin da ake kwana, wannan ta kashe mutane ma ba kaji kaɗai ba. Masarar iri mai launin ja ko ruwan hoda da ta rage bayan shuka ita ma magani ne a jikinta, ba ta kaji ba ce.

Sai masu jiƙa abinci da ruwa don wai kar ya watse. Ba laifi in za su cinye cikin awa ɗaya, amma a zafin nan in ya wuni ya yi tsami, kuma kwanon in ba a kankare shi sai ki ga baƙi baƙi a kusurwa, funfunar kenan kina dasa ta da hannunki kullum.

Wani kuma da ba na lalacewa ba ne amma yana kashewa, ba da abincin da ba na shekarunsu ba. Demaraj na 'yan tsaki ne, furotin ɗinsa wajen kashi 20 zuwa 22 cikin ɗari, kalsiyom kaɗan. Na pondez kalsiyom ɗinsa ya kai kashi 3.5 zuwa 4 saboda ɓawon ƙwai, in kika ɗura wa 'yan tsaki shi don shi ne a gida, ƙodarsu ce za ta lalace. In kika juya kuma kika ba masu ƙwai na kajin nama, ɓawo ya yi laushi su yi ta ƙiba. Wani demaraj ɗin da maganin zawon jini a ciki, shi ya sa ake son a karanta etiket, ba na masu ƙwai ba ne, kuma irin wannan maganin in doki ko jaki ya ci yana iya mutuwa. Ragon layya ma a tsare shi, in ya samu buhu a buɗe ya cika ciki sai kumburi.

Masu ƙara turto na auduga, wato tunkuzar angurya, don abincin ya yi auki, na gane, a Garwa da Marwa shi ne a kusa kuma da sauƙi tunda kamfanin auduga Sodecoton na nan. Amma wannan na shanu da tumaki ne tun asali, akwai wani sinadari gosifol a cikin angurya da cikin saniya ke iya ɗauka na kaza baya iyawa sosai, in ya yi yawa sai girma ya tsaya, gwaiduwar ƙwai ta yi wani kore kore mai duhu in ya kwana biyu, mai saye ya fasa ya ce ruɓaɓɓe kika sayar masa. Abincin shanu mai ure, wato yuriya irin ta taki, a ciki kuwa ko kaɗan. Haka cika dusa, buhu ɗaya a mayar da shi biyu, kaza ta ƙoshi amma ba abin da ta samu. In dole sai kin haɗa da masararki to ta bushe ƙamas, ki gwada da kwalba busasshiya da gishiri busasshe, ki zuba masarar ki girgiza ki bar shi ɗan lokaci, in gishirin ya manne a jikin kwalba da sauran danshi, a mayar rana.

In kin canza abinci kin gyara ajiya sati biyu ba canji, ko suna mutuwa biyu uku a rana, to wannan ya wuce buhu, ki ɗauki wadda ta mutu da ɗan abincin a leda ki kai wa beterinar, likitan dabbobi, na santar zootekinik, wato ofishin kula da dabbobi, mafi kusa, mu nan Garwa ma ga LANAVET, ɗakin gwajin cututtukan dabbobi, a Bokle. Ita Hajiya dai mun binne kusan kilo 15 ranar tana ta salati, ta koma sayen na kwana goma goma ita da 'yar uwarta, bidon ɗin yanzu yana kan bulo huɗu a zaure.