Idan likita ya rubuta wa ɗanki hoto: yadda za ki shirya

Na daɗe ina aiki a ɗakin hoto na wani asibiti a cikin garin Kano, kuma kusan rabin waɗanda nake ɗauka yara ne. Abin da ya fi ci min rai shi ne in ga uwa ta taso daga Kurna ko Hotoro tun da sassafe, ta biya kuɗin adaidaita sahu, ta bi layi da yaro a goye, sannan a ce mata ta dawo gobe saboda wani ɗan abu da ba wanda ya faɗa mata. Shi ya sa nake so mu yi maganar tun kina gida.

Kafin ki bar gaban likita, ki tambaye shi: wane irin hoto ne, na wane sashen jiki, kuma yaron zai ci abinci ko kuwa? "An rubuta mana hoto" ba ta isa ba, domin hoton kala-kala ne, kowanne da shirinsa.

Sikanin shi ne abokin jarirai. Da sauti yake aiki, irin wanda ake yi wa mai ciki a wajen awo, babu wani haske mai ratsa jiki a cikinsa, ko sau nawa aka maimaita ba ya cutarwa. Allah kuma ya bar mana wata taga a kan jariri, wato maɗiga. Ta nan muke ɗora kan na'urar mu hango ƙwaƙwalwa, mu ga ko ruwa ya taru, ko jini ya zuba, musamman ga bakwaini da jaririn da ya sha wuya wajen haihuwa bai yi kuka da wuri ba. Yawanci maɗiga tana rufewa tsakanin wata 12 zuwa 18, kuma tana rufewa tagar ta tafi. Saboda haka idan kin lura kan yaro yana girma fiye da kima, hular da aka saya wancan watan ta daina shiga, idanunsa suna kallon ƙasa, kada ki tsaya jira. Ranar zuwa kuma ki wanke maɗigar tas. Na sha karɓar jariri an lafta masa magani a kai ya bushe ya yi ɓawo, sai mun jiƙa da ruwan ɗumi mun goge a hankali, yaro yana ta tsala kuka, kafin a fara ya riga ya gaji.

Sikanin ciki yana da nasa sharaɗi. In hanta da maɗaciya za a duba, za a ce yaro ya ɗan yi awanni bai ci ba, su za su faɗa miki nawa gwargwadon shekarunsa. In ƙoda da mafitsara ne, akasin haka ake so: ya sha ruwa, ya riƙe fitsari. Akwai alamu uku da in kin gansu ba a kwana da su. Jaririn sati 2 zuwa 8 da yake feso amai da ƙarfi bayan kowane shan nono, ya kuma nemi nonon nan take, wataƙila bakin tumbinsa ne ya yi kauri ya toshe. Yaron da yake ƙwalla ƙara yana naɗe ƙafa, ya yi shiru, ya sake, sannan ya yi kashi mai majina da jini, wataƙila hanji ne ya shige cikin hanji. Sai ciwon shawara da ya wuce sati 2 ga jariri, kashinsa ya yi fari-fari, fitsari ya yi duhu. Wannan ta ƙarshen tana sa ni baƙin ciki, domin in hanyar maɗaciya ce ta toshe, aikin tiyata ya fi yin nasara kafin jariri ya cika wata 2, mu kuwa sau da yawa sai an gama shanya shi a hantsi da jiƙe-jiƙe ake kawo shi.

Ki taho da zani ko ƙaramin tawul na goge man da za a shafa masa, da kunzugu na canji. In an ce babu laifi ya sha nono, ki ba shi ana cikin yi, ba abin da ke kwantar da jariri kamarsa.

Eksire kuwa, mai aiki da haske mai ratsa jiki, tsohon hannu ne, tun 1895 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano shi. Shi ake yi wa ƙirji in ana zargin limoniya ko tarin fuka, shi ake yi wa ƙashi in an faɗi. Ɗaukar kanta ba ta kai ƙiftawar ido ba, wahalar duk a riƙo take. In yaro ya motsa hoton ya dushe, dole a sake, an ninka masa hasken ke nan a banza. Don haka ki zo da wanda zai iya riƙe shi da kyau. Za a ba mai riƙon rigar dalma mai nauyi ya sa. In kina da ciki, ko kina zargin akwai, ki faɗa mana tun a bakin ƙofa, ba ke za ki shiga ba. Ba abin kunya ba ne, ki raɗa min a kunne ma ya isa, amma ki taho da babansa ko ƙanwarki.

A cire duk abin da ke jikin wurin da za a ɗauka: riga mai maɓallin ƙarfe, zik, sarƙa, ɗan kunne, tsakiya, laya. Wata rana wata dattijuwa ta kawo jikanta, yana numfashi sama-sama, ga laya biyu a rataye daidai ƙirjinsa. Na ce a cire, ta dafe su ta ce, "'Yar nan, tun ranar suna ba a taɓa raba shi da su ba." Na ce, "Inna, ki riƙe su a tafin hannunki, ki tsaya nan inda yake ganinki, ana gamawa ke za ki mayar masa." Ta yi jim, sannan ta zare da kanta. Da mun bar su, inuwarsu za ta kwanta a kan huhun, a daidai wurin da likita yake son gani.

Iyaye da yawa suna tambayata ko hasken ba zai taɓa yaro ba. Hoton ƙirji guda ɗaya haskensa kaɗan ne ƙwarai, bai wuce abin da jiki ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin kwana 10 ba. Limoniyar da ba a gano ba ta fi shi haɗari nesa ba kusa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya ɗauki yaro ya kai shagon hoto da kansa ba tare da takardar likita ba, wai a duba ko lafiya. Jikin yaro ya fi na babba jin hasken, sai da dalili ake yi.

Wani dalilin kuma ba ya jira. In yaro ya haɗiye ɗan batirin nan mai kama da kwabo, na agogo ko na fitilar wasa, ki nufi sashen gaggawa a lokacin, ko da yana wasansa. In ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona wurin cikin awa 2. Kada ki sa masa yatsa don ya yi amai.

Sai manyan biyu, waɗanda za ki ga an rubuta CT ko MRI a takarda. Siti, wato CT, eksire ne mai zagaya jiki yana yanka hoton fala-fala, yana da sauri, shi ake nema in yaro ya faɗo daga bene ko babur ya buge shi a kai. Haskensa ya ninka na eksire sau da yawa, don haka ki tambaya ko sikanin zai wadatar, ki kuma faɗa in an taɓa yi masa a baya. Emarai, wato MRI, da maganaɗisu yake aiki, babu hasken nan, amma yakan ɗauki minti 30 zuwa awa guda, da ƙara kamar ana daka, kuma ba a son ko motsi. Ko allurar ɗankwali ba ta shiga ɗakin. Ki wanke masa kwalli in kai za a ɗauka, ki sanar da su in akwai ƙarfe a jikinsa daga wani aiki.

Jariri ɗan 'yan makonni sau da yawa ba ya buƙatar magani: a ɗan hana shi barci, a ba shi nono ya ƙoshi dab da shiga, a naɗe shi a zani, sai ya yi barcinsa. Wanda ya fara wayo kuwa akan sa shi barci da magani, a nan ne maganar azumi take da nauyi. Abin da aka saba shi ne awa 6 babu abinci ko madarar gwangwani, awa 4 babu nono, awa 2 babu ruwa, amma ki bi abin da mai ba da maganin ya gaya miki. Na san zafin jin ɗanki yana kukan yunwa kina riƙe da kunu a filas. In kin kasa daurewa kin ba shi ko cokali biyu ne, don Allah ki faɗi gaskiya. Gara a ɗaga zuwa wata rana da ya yi amai cikin barci ya shige masa huhu. Kuma kada ki ba shi maganin mura ko na tari daga gida don ya yi barci. In za a yi masa allurar ruwan da ke fito da jijiyoyi a hoto, ki ambaci ciwon ƙoda, asma, ko wani magani da ya taɓa yi masa borin jini.

Masu yara 'yan sikila, akwai wani sikanin da ake ɗorawa a gefen kai, kusa da kunne, yana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Daga shekara 2 zuwa 16 ake yinsa, sau ɗaya a shekara, ko yaro lafiyarsa ƙalau. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma akwai abin yi kafin ta faru. A nan Kano, a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, aka gudanar da binciken amfani da maganin haidiroksiyuriya don kare irin waɗannan yara. Ki tambaya a kilinik ɗinku yaushe za a yi wa naki.

In kin karɓi sakamako, kada ki tsare mai ɗauka da "Anti, me kika gani?" Ni hoton nake fitarwa, likitan hoto ne ke karantawa ya rubuta, wanda ya aiko ku kuma shi zai haɗa da abin da ya gani a jikin yaron. Ki koma masa ko da yaron ya warware. Fim ɗin kada ki naɗe shi, kada ki bar shi a rana ko a ƙasan katifa. Ki samo babban ambulan ki haɗa fim da faifai da takardar sakamako wuri guda, ki ɗauki hoton takardar a wayarki, sannan duk ranar da za a sake wani hoton ki taho da tsohon, domin da shi ake gane ko ruwan kan ya ƙaru ko huhun ya washe.