Yadda ake daidaita kyamarori da yawa da aka jera a kan ƙarfe ɗaya

Duk wanda ya taɓa jera kyamarori uku a filin hawan Sallah na Garwa domin ya haɗa hotunansu su zama faffaɗan hoto guda, ya san takaicin ganin doki ya rabu biyu a inda hotunan suka haɗu. Galibi manhaja ake zargi, amma a ganina laifin yakan fito ne daga allon awo, wato allon da ake nuna wa kyamara domin a auna yadda take gani, da kuma ƙarfen da ke riƙe da kyamarorin.

Da farko ka ɗaure kowace kyamara tamau, ta yadda abin da take gani zai shiga na maƙwabciyarta da kamar kashi ɗaya cikin uku. Ka kashe duk abin da kyamara ke sauyawa da kanta, wato nisan gani da haske da launi da na'urar hana girgiza, domin awon da aka yi yana lalacewa da zarar gilashin ya motsa. Tun da wutar Kamaru da Chadi tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ka sa dukkansu a kan hoto 25 a daƙiƙa domin kada hasken lantarki ya riƙa ƙyaftawa a hoton, sannan ka tafa hannu sau ɗaya a gabansu domin ka sami wurin daidaita lokaci.

Daga nan sai allon awo, wanda a kansa nake so a fi natsuwa. Ka buga zanen gidaje baƙi da fari irin na dara, mai mahaɗar kusurwa (inda gidaje huɗu suka haɗu) 9 a tsawo da 6 a faɗi, ka manna shi a kan gilashi ko katako mai santsi. Kada ka yarda da kwali, domin yana lanƙwashewa, kuma manhajar za ta ɗauki lanƙwasar a matsayin aibin gilashin kyamara. Ka auna faɗin gida ɗaya da rula, saboda injin bugawa yakan rage girman zane.

Ka ɗauki hotunan allon kamar 20 da kowace kyamara, kana karkata shi, kana matsowa kana ja da baya, kana kuma kai shi gefe-gefe, inda gilashi ya fi murɗe hoto. Wannan ita ce hanyar da masanin kwamfuta Zhengyou Zhang ya wallafa a shekarar 2000, kuma a kanta manhajar OpenCV, wadda ake wannan awon da ita, ta dogara. Bayan an auna kowace kyamara ita kaɗai, sai ka nuna allon ga biyu-biyu a lokaci guda, domin a gano tazara da karkatar da ke tsakaninsu.

Manhajar za ta ba ka lissafin kuskure. Idan bai kai rabin fiksel ba, wato rabin ɗigo ɗaya cikin ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, aiki ya yi. Idan ya haura ɗaya, ka cire hotunan da suka yi dishi-dishi ka sake lissafi. In abu ɗaya ya fito sama a wani hoton ya kuma fito ƙasa a ɗayan, kyamara ce ta karkata, sai ka gyara ta da hannu kafin ka bar wa manhaja sauran.

Zafin bazara ma yana da hannu. Idan ƙarfen na alminiyam ne, mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan rabin milimita idan zafi ya hau da digiri 20, saboda haka awon da ka yi a ɗaki mai sanyi ba lallai ya tsaya a zafin ranar Afrilu ba. Ka tafi da allon filin, ka goge ƙurar gilasai, ka sake awo a can bayan ƙarfen ya ɗauki zafi.