Yadda za ka kare mutuncin ɗiyan mutane in kana koyarwa a lakwal ɗin mishan

Ƙannena da kuka kama aikin koyarwa bana a lakwal ɗin Katolika nan Maradi, ga abin da na ga ya dace ku riƙe tun daga Oktoba da aka koma aji, ni na daɗe da alli a hannu kuma na yi kurakurai na gani da idona.

Ka fara da suna. Sati biyun farko ka hardace sunan kowane yaro ko da su sittin ne, kuma ka kira shi da sunan da uwayenshi suka raɗa mishi. Ban da "kai baƙin nan", ban da "ɗan ƙauye", ban da kiran yaro da gurguntarshi ko in'inarshi. Duk laƙabin da malami ya liƙa ma yaro a aji, kafin a tashi ya kai unguwar Zariya ya kai unguwar Bagalam, kuma zai bi shi har ya yi gemu. Mu Kirista muna karantawa a Farawa 1:27 cewa Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa, 'yan'uwanmu Musulmi kuma suna da aya ta 70 a Suratul Isra'i wadda ta ce Allah ya karrama ɗiyan Adamu, to wanda aka karrama tun daga sama wa ya ba ka izinin wulaƙanta shi don bai iya lissafi ba?

Sai maganar kuɗin makaranta, nan ne na fi son ku tsaya. Wata shekara an miƙo mini takarda daga ofis, sunayen waɗanda ba su gama biya ba, na tsaya gaban allo na karanta da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata yarinya a benci na biyu, jika ukku suka rage mata, uwarta awara take soyawa a bakin titi. Ba ta yi kuka ba. Ta dai tattara littattafanta cikin leda a hankali, ta ɗaure bakin ledar, ta fita kanta a ƙasa, sauran suna kallonta. Kwana tara ba ta dawo ba, da ta dawo kuma ba ta ƙara ɗaga hannu a ajina ba har shekara ta ƙare, yarinyar da kullum ita ke fara amsa tambaya. Har yau abin yana ci mini rai. Bashi na babba ne, kar ka ɗora ma yaro. Ka rubuta 'yar takarda ka ninke ka ba shi a gefe, ko ka buga ma uban waya, ko ka tako har gida da la'asar ku zauna a zaure. In da gaske babu, ka kai maganar wajen darakta ko fada, wato limamin coci, a asirce a san yadda za a yi.

Ɓangaren addini kuwa kun san ajinku, mafi yawan yaran Musulmi ne, uwayensu sun kawo su ne don sun yarda da tarbiyya da karatun wurin, wannan amana ce. Diyosis ɗin Maradi, wato yankin cocin Katolika da ke ƙarƙashin bishop, tun 2001 aka kafa shi, kuma zamanmu da maƙwabta shi ne jarinmu, wanda ya ga abin da ya faru a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015 da aka ƙone coci-coci ya san ba abin wasa ba ne. Lokacin addu'ar safe kar ka tilasta ma ɗan Musulmi yin alamar gicciye, ya tsaya shiru cikin ladabi ya isa. Shi ma ka koya mishi ba a dariya in ɗan'uwanshi na addu'a. Kai kuma kar ka ɓoye bangaskiyarka don kunya, ka je Mas ɗinka, wato sujadar coci, ranar Laraba ta toka ka shigo da tokarka a goshi, in sun tambaya ka yi musu bayani a sauƙaƙe cewa mun shiga azumin kwana 40 ne kafin Ista. Majalisar Vatikan ta biyu ma, babban taron shugabannin Katolika na duniya, a 1965 ta rubuta ƙarara cewa Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, don haka ba wani sassauci na kanka kake yi ba. In watan azuminsu ya kama kuma rana ta take, ka rage musu guje-guje a fili, masu cin fanke lokacin hutu su koma gefe ɗaya su ci.

In yaro ya yi laifi a hukunta shi mana, amma laifin za ka zaga, ban da uwarshi da ubanshi. In kai ka yi kuskure ka ce "ku yi haƙuri, na yi kuskure" a gabansu, wallahi ba abin da zai ragu a jikinka. Kar ka keɓe da ɗalibi ko ɗaliba a ɗaki rufe, ƙofa a buɗe kullum, kuma in yaro ya kawo maka ƙarar wani babba yana taɓa shi ko yana tsorata shi, ka saurara har ya gama ka kai ma shugabanni a ranar, ban da jiran gobe.

Su ma yaran suna kallon yadda kuke yi da juna. Maigadi da mai shara ka gaishe su da "Baba ina kwana", "Inna an tashi lahiya" kafin ka wuce ofis, in kuma kun samu saɓani da wata madam ku bari sai an tashi yara sun watse sannan ku zauna ku kashe maganar.